Karfasa, Akuyar Gulbi

Duk wanda ya ji sunan Argungu, giwan ruwa ne ke faɗo masa a rai. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar zumunci ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama aka shirya bikin kamun kifi don karrama shi, wannan ƙaton kifi ne ake kinkimowa daga gulbin Matan Fada a ɗora bisa sikeli. Wanda ya ci gasar 2005 ya kai kilo 75, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Sai dai giwan ruwa baƙon shekara ne. Kifin da ke cikin kaskon mai tuya a tashar Birnin Kebbi, wanda uwargida ke iya saye da canjin cefane, karfasa ce, wadda wasu ke kira gargaza. Ba ta da makaɗi, ba a ba kowa mota don ya kamo ta. Duk da haka ina ganin makomar kifi a kwarin Rima tana gare ta, domin ita ce ke iya mai da ciyawar da ke yawo a kan ruwa ta zama nama, kuma lokaci ya yi da za a riƙa noman wannan ciyawa da gangan.

Bambancin kifayen biyu daga ciki yake farawa. Giwan ruwa mafarauci ne, sai ya haɗiye kilo da yawa na ƙananan kifaye kafin ya ƙara kilo ɗaya a jikinsa. Da aka zuba shi a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, yana daga cikin manyan dalilan da suka sa kimanin iri 200 na ƙananan kifaye, dangin karfasa, suka ɓace. Karfasa kuwa akuyar gulbi ce. Tana tace gansakukar da ke mai da ruwa kore, tana kankare wadda ta manne a jikin kara da dutse, tana tsinkar ganye mai laushi, ba ta kuma raina dusa. Allah ya hore mata kayan wannan aiki: a maƙogwaronta akwai wasu ƙananan haƙora da ke niƙa abin da ta haɗiya, tumbinta na da tsami mai ƙarfi da ke fasa ƙwayoyin gansakuka, hanjinta kuma ya ninka tsawon jikinta kusan sau shida. Dabba mai irin wannan ciki ba ta jiran a yanka mata nama kafin ta ƙoshi.

Halinta na uwa ya fi cikinta ban mamaki. Idan ruwa ya yi ɗumi, namiji kan zaɓi wuri marar zurfi ya haƙa ɗan rami a yashi, yana ɗibar ƙasa da baki yana tofarwa gefe har gurbin ya zama zagaye sumul, sannan ya tsaya a kai yana korar duk namijin da ya matso. Mace ta zo ta zuba ƙwai, shi ya watsa masa iri, nan take ta kwashe ƙwan ta cika bakinta. Daga nan sai ta kama baki. Mako ɗaya zuwa biyu ba ta cin komai, tana ta juya ƙwan a hankali don iska ta ratsa shi, har 'ya'yan su ƙyanƙyashe. Ko bayan ta sake su, da zarar inuwar tsuntsu ta gifta sai su ruga su koma bakin uwa. Mutanen tsohuwar Masar sun lura da wannan, suka ɗauki karfasa alamar sabuwar rayuwa, suka zana ta a bangon kaburbura tana iyo cikin kududdufi, wani lokaci da furen bado a bakinta. Bahaushe bai yi mata gunki ba, amma karin maganarsa ya dace da ita: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Jar koma ta daɗe tana bin ta, ita ma ta daɗe tana ganin mai jar koma, ba ta kuwa ƙare ba.

To wace ciyawa za a noma mata? Kirarin kainuwa shi ne dashen Allah, don ba a taɓa ganin mai dasa ta ba, ba ta da saiwa a ƙasa, inda ruwa ya kai ta nan ne gidanta. Amma kainuwar da muka sani, mai faɗin ganye da gashi-gashi, ba ita ce abincin da ya fi ba. Ganyenta na ɗauke da wasu ƙananan tsinaye masu ƙaiƙayi, kuma akwai nau'in sauron da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwarta. Waɗanda suka dace su ne ƙananan 'yan'uwanta na kan ruwa, musamman wadda masana ke kira azola, wadda duk tsironta bai wuce farce ba. A cikin ganyenta akwai wata ƙwayar halitta da ke zuƙo sinadarin naitirojin daga iska, wato tana yin takinta da kanta. Shi ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka yi ɗaruruwan shekaru suna rainon ta a gonakinsu. Idan ta samu yadda take so, takan ninka kanta cikin kwana 3 zuwa 10, idan kuma aka shanya ta, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinta furotin ne.

Rainonta ba ya buƙatar injin. A haƙa rami marar zurfi a ƙarƙashin inuwa mai tsaga-tsaga, a shimfiɗa leda, a barbaɗa ƙasa mai laushi, a dama ruɓaɓɓen kashin shanu a zuba, a cika ruwa kamar tsawon tafin hannu, sannan a watsa irin. Cikin mako biyu fuskar ruwan ta rufe da kore. Daga nan kullum a sa rariya a kwashe wani kaso, domin idan ta cunkushe sai ta hau kan juna, ta ƙasa ta ruɓe. Ganyen da kansa yake faɗin damuwarsa: idan ya fara ja, ko rana ta yi masa yawa ko yana neman ɗan takin supa. Babban abokin gabarta a Kabi shi ne bazara, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, alhali ita tana fara wahala tun daga 35. Nan sai rumfar zana da ƙarin ruwa. A lokacin sanyi kuma ciyawar na jin daɗi amma karfasa na rage ci, don haka mai hankali kan shanya rarar hunturu ya ajiye wa bazara.

Wani zai ce, ashe ba mu ga abin da ciyawar kan ruwa ta yi ba? Gaskiyarsa. Baƙuwar kainuwar nan mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo Najeriya ta Badagry a 1984, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma ta bayyana a kogin Kwara. Masunta da 'yan kwale-kwale na Yawuri sun san yadda take toshe mashigi, ta yaga taru, ta hana iska shiga ruwa. Amma abin da wannan ya koyar shi ne haɗarin tsiron da ba shi da mai shi. Ita baƙuwar ta baro ƙwarin da ke cin ta a ƙasarsu, ta zo inda babu mai taɓa ta. Azola tana da irinta na asali a Afirka, kaza da agwagwa da tunkiya da karfasa duk suna cin ta, kuma a rami ake tsare ta, ana kwasa kullum. Sharaɗin dai shi ne a nemi iri daga hannun masana, irin na cibiyar binciken kifi da ke New Bussa, kada kowa ya kwaso abin da bai sani ba, kuma kada a zubar da rara a gulbi.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na ɗanyar azola ruwa ne, kifin da aka bari da ita kaɗai ba zai yi saurin girma ba. Ita kanta karfasa tana da aibi: a kududdufi tana fara haihuwa tun tana ƙarama, kafin a ankara wuri ya cika da 'yan firit da ba mai saye. Shi ya sa masu kiwo suka fi karkata ga tarwaɗa. Amsar ita ce ba a ce ciyawa ta maye gurbin abincin buhu gaba ɗaya ba, a rage shi ake nufi, kuma abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kifi. Kabi na da abin haɗawa a ƙofar gida: dusar shinkafa daga masana'antun Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, da ɗaruruwan ƙananan injinan casa. Yawan haihuwa kuma yana da magani, ko a ware maza zalla, waɗanda dama sun fi saurin girma, ko a jefa 'yan tarwaɗa kaɗan su riƙa rage 'ya'yan. Hukumar FAO da Jami'ar Ibadan sun riga sun gwada kiwon kifi a cikin gonar shinkafa tare da manoman Kabi da Ebonyi. A irin wannan gona azola na ciyar da kifi, kashin kifi na ciyar da shinkafa, sai dai dole manomi ya sassauta feshin maganin ƙwari.

Akwai dalilin da ya sa maganar ba ta jiran gobe. Karfasar gulbi da ambaliyar fadama take rayuwa, a cikin ruwan da ke malala bisa ciyawa take kiwon 'ya'yanta. Madatsun Bakolori da Goronyo sun canza yadda wannan ruwa ke zuwa, noman rani ya shiga fadamun, masu cin kifi kuma sun ninka. Tattalin ruwa ba baƙon abu ba ne ga Kabawa: su ne ke hana kamun kifi a Matan Fada tsawon shekara, a bisa umarnin Sarkin Ruwa, don kifi ya samu sararin girma. Mutanen da suka iya haƙura da kifin da suke gani da ido ba za su kasa kula da ramin ciyawa a bayan gida ba. Abin da ya rage shi ne malaman gona su kai irin ƙauyuka, a koya wa mata da matasa rainonsa, a kuma ware wa mai kiwon karfasa tasa kyautar a bikin Argungu, kusa da ta mai homa da gora. Buhun abincin da farashinsa ke bin dala ba zai taɓa zama na talaka ba, guntun gatarinka kuwa ya fi sari ka ba ni.