Sha-kauci da laifin da ba nasa kaɗai ba

Tsohuwar kaɗanyar da ke bakin gonar kawuna a Tungar Daji fure biyu take yi. Nata na gado fari ne mai ƙanshi. Ɗayan kuwa ja ne, siri-siri, cunkus kamar an zazzage kwalin ashana a kan reshe. Wannan na kauci ne, baƙon da ya sauka a kanta ya ƙi sallama, ba shi da saiwa a ƙasa, a jikinta yake tsotsar ruwa. A nan na fara ƙare wa sha-kauci kallo, ina yaro, da danƙon harbi a hannu.

"Halbe shi, ɗiyana," in ji Kawu. "Wanga ɗan banza shi ka shuka muna kauci."

Ban harba ba, don kyansa ya ɗauke mini hankali. Namijin kore ne shar, yana walƙiya in rana ta doke shi, ga ja a ƙirji da rawaya gefe-gefe, ga gashi biyu dogaye a wutsiya. Duk adon nan a jikin da bai cika wuce giram 10 ba. Goro mai kyau guda ya fi shi nauyi. Matar kuwa ba ruwanta da ƙawa, launinta a dushe. Shi ma gogan aro ya yi, domin in lokacin aure ya wuce yakan tuɓe rigar ya koma kusan kamarta.

Bakinsa dogo ne, lanƙwasasshe kamar basilla, harshensa kuma bututu. Furen kauci a rufe yake zama, ko ya nuna ba ya buɗewa don kansa. Sai sha-kauci ya sauka, ya matse kan furen, ya zura baki ta tsagar da ta bayyana. Nan take furen ya fashe, ya watsa masa gari a goshi. Ya sha ruwan zaƙinsa ya tashi da goshi buɗu-buɗu, ya kai wa fure na gaba, da haka kauci ke samun 'ya'ya. Banza ba ta kai zomo kasuwa, kowa da abin da yake nema wurin ɗan'uwansa. Amma yana da ha'inci, in ya tarar da furen da ya fi ƙarfin bakinsa, sai ya huda shi ta gindi ya sha ya wuce, bai biya ko anini ba.

To, Kawu ya yi gaskiya, amma rabi. Mai shukar wani ne daban, ɗan guntun tsuntsu mai ɗigon rawaya a goshi, wanda ke wuni cikin ganye da tsakar rana yana ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar maƙeri a nesa. Shi ke haɗiye 'ya'yan kauci, ya amayo ƙwallon mai danƙo, ya goge baki a reshe. Inda ya goge, nan kauci zai tsira. Sai dai shi ba a cika ganinsa ba, kuma ba a laƙaba masa sunan kauci ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Mu ma ai ba mu gama shawara a kan kauci ba. Mai kaɗanya na tsine masa don yana busar da rassa ya rage kaɗe. Makiyayi na sare shi ya ba awaki. Mai magani kuwa a kasuwar Gummi ko ta Anka zai jera maka su, kowanne da sunan itacen da ya hau: kaucin tsamiya, kaucin ɗorawa, kaucin kaɗanya, wannan na ciwo, wancan na farin jini. A wurare da yawa na Afirka, da danƙon 'ya'yan kaucin nan yara ke shafe tsinke su kama ƙananan tsuntsaye, har da mai ɗauke da sunansa.

Sheƙar sha-kauci kuwa matar ce ke saƙawa ita kaɗai: 'yar jaka mai ƙofa a gefe, ta ciyawa da kaɗa, ɗaure da yanar gizo, tana reto a ƙarshen reshe. Daga nesa ka ce shara ce iska ta maƙala. Ƙwai ɗaya ko biyu, kwanci wajen mako biyu, kuma 'ya'yan ba da zaƙi ake rainonsu ba, da ƙwari da gizo-gizo ne.

Yanzu da dazukan Sunke da Gando suka zama sai a hankali, mata ba sa nisa wajen tsintar kaɗe, itatuwan can ciki kuma babu mai hawa ya sare musu kauci. Ta bakin gonarmu dai Kawu bai bar ta ba. Da hunturun bara na same shi ya ɗaura lauje a kan gora yana fizgo kaucin, awaki na rububi a ƙasa. Sha-kauci ya koma kan minjiryar da ke jikin shinge, wadda ta yi ja wur babu ganye ko ɗaya, yana korar wani namijin da ya zo sha.