Ƙaramar kwamfutar gona ta cika? Ga yadda ake ƙara mata wurin ajiya da kafofi

Yau da masu ajiye lissafin kiwo a ƙananan kwamfutocin nan na tebur nake, waɗanda ba su wuce littafi girma ba, irin su Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Sun dace da mu 'yan cikin Birni masu kiwo a bayan gida ko saman bene: ba sa cin wuri, kuma cajar yawancinsu wat 65 ce, ƙaramar inbata ma ta riƙe su. Sai dai na hannun da ake kawowa galibi da SSD mai 128GB ko 256GB suke zuwa, ga kafofin USB 'yan kaɗan.

Kafin ka sayi komai, raba kayan ajiyarka gida biyu. Na farko lissafi: kiret nawa aka kwasa, buhun abinci nawa ya tafi, ranar rigakafin Gumboro da Lasota, nauyin tarwada, bashin 'yan sari. Wannan ko shekara goma ka yi kana rubutawa a Excel da wuya ya kai 1GB. Na biyu bidiyo. Kyamara ɗaya mai ɗauka a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cinye kusan 21GB a wuni. Ke nan 1TB kwana 46 ne ga kyamara ɗaya, kwana 23 ga biyu. Ka ga lissafi tsaro yake so, bidiyo kuwa fili.

Ƙarin farko a cikinta ake yi. Yawancinsu dunƙule ɗaya ne a baya, ka kwance murfin ya zame, amma fa a zare wuta tukuna. Za ka tarar da gurbi biyu: na M.2, inda ake sa siririn SSD mai kama da cingam, da na faifai mai inci 2.5. Ni tsarin da nake bi, Windows da lissafi a kan SSD, bidiyo a kan faifai mai juyawa na 1TB, don ya fi araha. M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowace na'ura ke karɓar duka biyun ba. Wasu kuma sukan zo babu mariƙin faifan ko 'yar wayarsa. Saboda haka ɗauki kwamfutar kacokan ka je da ita Beirut Road ko Farm Centre, a gwada a gabanka. In na hannu ne a duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo. Filash ɗin da aka rubuta wa 2TB ake sayarwa kuɗin kiret ɗin ƙwai kuwa, araha ba ta ado. Manhajar H2testw tana tona ainihin girmansa.

Sai kafofi. Kafa mai shuɗin ciki ko alamar SS ita ce USB 3.0, a rubuce ta ninka USB 2.0 gudu kusan sau goma. Faifan waje a nan ake sa shi. Kibod da firinta su tafi sauran. In kafofin sun ƙare, sayi hob, wato mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu ko fiye, amma mai cajarsa daban. Maras caja in ka jera masa faifai da kyamara sai ka ga suna ɗaukewa suna dawowa.

Intanet kuma gininmu ne ke ba shi wahala. Daga Mandawari zuwa Yakasai har Dala, katanga mai kauri ce da gidaje manne da juna. Rauta na zaure, kaji na can ƙurya, sigina ya mutu a hanya. Wasu na hannun ma ba su da WiFi sam, sai an sa musu ɗan adafta na USB. In WiFi za ka bi, zaɓi 2.4GHz, ya fi 5GHz ratsa bango. Amma mafi tabbas kebul ne: Cat6 yana kaiwa mita 100 ba matsala. Sa rautar a sama kusa da taga, ka ja kebul.

Kar a ajiye kwamfutar cikin kejin kaji ko gefen tankin kifi. Ƙurar gashi tana toshe fanka, warin kashin kaji da danshi suna cin ƙarafunan ciki, balle ga hazon hunturu da zafin Afrilu.

Na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci. Faifai biyu a cikin na'ura ɗaya ba madogara ba ne: wuta ta dawo da ƙarfi ko ɓarawo ya ɗauke, duka sun tafi, har da sunayen waɗanda kake bi bashi da shaidar da za ka nuna ranar neman rance. Ware rana ɗaya a sati ka kwafi lissafin a filash mai kyau, ka ajiye a wani ɗaki, sannan ka ɗora a Google Drive. 15GB ɗin kyauta ya ishe ka. Bidiyo in ya goge ba asara. Lissafi in ya tafi, jarin ne ka daina gani.

Allah ya sa albarka a kiwo.