Keken Hajiya Da Jirgin Ƙasa

'Yan'uwana mata, duk wadda ta taso a Kwanar Dangora ta san yadda ake saka gurguwa a mota. A ɗauke ta cak kamar buhu, a tura ta ciki, keken kuma yaran mota su ɗaure shi a bayan but tare da doya. Haka muka saba, har ma ba ma ganin abin a matsayin wulaƙanci.

To, ranar da Allah Ya kira mahaifiyarki ko kakarki Umra, aka ce ke za ki raka ta, ki sani can abin ya sha bamban. Tun shekarar 2018 akwai jirgin ƙasa tsakanin Makka da Madina, ana kiransa Haramain. Tafiyar kilomita 450 ce, amma cikin awa biyu da 'yan mintoci an isa, maimakon wuni guda ana jijjiga tsohuwa a bas. Tashoshin suna da lif, ba sai an sungumi kowa a matattakala ba, a cikin jirgin ma an ware gurbin masu keke.

Sai dai fa gurbin nan kaɗan ne. Tun wajen yankar tikiti za ki faɗa cewa Hajiya a keke take, kada kunya ta sa ki yi shiru sai kun iso bakin ƙofa. Ku je da wuri, domin jirgin ba motar haya ba ce da za ta jira ta cika. Tashar kuma ba a bakin Harami take ba, sai kin tanadi motar da za ta ɗauki keken.

Wani abin da ake mantawa: keken nan namu mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, wanda maƙeran Kano suka gwanance a kai, ya yi tsawo, ba ya naɗewa. Ki nemo mai naɗewa tun a gida, Hajiya ta saba da shi kafin tafiya.

Mu ma nan an sa hannu a dokar kare haƙƙin naƙasassu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin sabon layin dogo daga Kano zuwa Kaduna. Ni dai abin da zan fara dubawa ranar da aka buɗe tashoshinsa shi ne, Hajiya za ta shiga da kekenta, ko sai an ɗauke ta?