Yawon buɗe ido a Gulbin Kaba: abin da iyali za su gani kusa da gida

Mutumen Yamai in yana son ɗiyansa su ga namun daji, sai ya kai su gidan tarihi na ƙasa, wanda aka buɗe a 1959, su ga zaki da kura da dorina cikin keji. Mutumen Tasawa ko na Mayahi ba shi da irin wannan gida. Amma yana da wani wuri wanda ba a biyan kuɗin shiga, watau kwarin Gulbin Kaba, inda tsuntsu da dabba suke zaune yadda Allah ya halicce su.

Gulbin Kaba ya taso daga arewacin Nijeriya, ya shigo jahar Maradi, ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, sannan ya karkata yamma ya sake komawa Nijeriya. Gulbi ne da suna, gama ruwa ya daɗe da daina gudu a mafi yawan tsawonsa. Sai dai ruwan yana kwance ƙarƙashin ƙasa ba nisa, shi ya sa goruba ta kama wurin. Daga kaba, ganyen ƙaramar goruba, kwarin ya samo sunansa. Garin Mayahi a bakin kwarin yake, har mai tafiya da ƙafa yana iya fita bayan sallar asuba ya dawo kafin rana ta yi zafi.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan fita shi ne daga ƙarshen damana zuwa tsakiyar ɗari, sa'ad da tabkuna ba su ƙafe ba. Maigida ya ɗauki gorar ruwa, yara su sa takalma saboda ƙaya da ƙarangiya, a tafi a hankali ba hayaniya. Abin da za a fara cin karo da shi kurege ne, yana tsaye bisa ƙafafunsa na baya a bakin rami. In an yi sa'a zomo ya tashi daga gindin sabara, ko garken zabin daji su sheƙa cikin ciyawa. Dila da yanyawa da bushiya kuwa da dare suke yawo, sai sawunsu bisa rairayi da safe. Tsoho mai sanin daji yana iya nuna wa yaro bambancin sawun dila da na kare, da kuma layin da damo ya ja da wutsiyarsa.

A bakin tabki za a iske belbela da zalɓe da kirinjijiya. Cikinsu akwai baƙi waɗanda suka ƙetare teku da hamada daga ƙasashen Turai don gudun sanyi, su sauka nan wajen watan Oktoba, su koma wajen Maris. Shamuwa kuma tata tafiyar dabam ce: tana zuwa gab da damana, ta yi sheƙa bisa manyan itatuwan gari, in ruwa ya ɗauke ta nufi kudancin Afirka. Saboda haka manomi yake ɗaukar zuwanta alamar shuka ta kusa.

Itatuwan ma abin kallo ne. Goruba tana raba gangarta biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, abin da giginya da dabino ba sa yi. Akwai mace akwai namiji, macen kaɗai ke ƴaƴa. Gawo kuma yana zubar da ganye da damana, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe, don haka hatsi yake kyau ƙarƙashinsa.

To amma dattawan wannan yanki suna ba da labarin barewa da jimina da kura a wuraren da yau gonaki ne. Farin 1973 da na 1984, da yawaitar jama'a, da farauta ba ƙa'ida, su ne suka kore su. Ko ungulu da take cika mahautar kowane gari ta yi wuyar gani, gama ana kashe ta ana sayar da sassanta don magani. Tun 2015 masana na duniya suka sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Goruba kanta tana cikin wahala. Da kaba ake saƙa tabarma da igiya da faifai, kuma mata da yawa da ita suke rufa wa kansu asiri. Amma in ana yanke ganyen kowace tsira ba hutu, ba za ta taɓa tashi ta zama icce ba, balle ta yi ƴaƴa.

Gyara yana yiwuwa, kuma shaidarsa tana nan cikin jahar Maradi. Daga 1983 manoma suka fara sassaben zamani, watau barin tsiron kututture ya girma cikin gona maimakon a sare shi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa wajen miliyan 200 suka tashi bisa hekta miliyan 5 a Nijar. A arewacin jahar kuma, bayan Dakwaro, akwai gandun dajin Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955. Raƙumin dawa ya ɓace daga can shekaru masu yawa, har a 1996 guda 49 kaɗai suka rage a ƙasar duka. Da aka tsare su suka hayayyafa suka wuce 600, sai a watan Nuwamba na 2018 aka ɗauko takwas daga Kure, kusa da Yamai, aka mai da su Gadabeji.

Dokar ƙasa ta 1998 ta tsara farauta da tsaron namun daji, kuma tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace. Sai dai ma'aikatan ruwa da daji kaɗan ne, ba su iya tsayawa gindin kowace goruba. Saboda haka yaron da ya san sunan tsuntsu da amfaninsa shi ne ba ya harbinsa da danƙo don wasa. Ya kamata magabatan garuruwa su keɓe wani sashe na kwarin kusa da gari, a hana sara da farauta a ciki, a tsara lokacin yankan kaba tare da matan da ke sana'ar. Malaman lakwal da na yaƙi da jahilci su riƙa kai almajiransu can, iyaye kuma su ba da safiya ɗaya cikin mako. Gani ya kori ji.