Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Kwamfutar Gwanjo Shan Batir Da Nawa?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga garin Tsanyawa ya rubuto cewa ya sayar da geronsa ya sayo wa ɗansa kwamfutar tafi-da-gidanka ta gwanjo a Kano, don yaron ya saba da ita kafin jarrabawar JAMB, wadda tun shekarar 2015 da kwamfuta ake yin ta. To amma batirinta ba ya kai rabin awa, ga ta da nawa kamar hawainiya. Mai gyara ya ce sai an sayi sabon batir. Yana tambaya, shin ya saya, ko kuwa dai an cuce shi ne?

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda taka. Shawararmu ta farko ita ce kada ka fitar da ko sisi tukuna, domin sau da yawa mutuwar batir da nawar kwamfuta tushensu ɗaya ne.

Ka san a cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake kira furosesa, watau ƙwaƙwalwarta. An ƙera shi da dabarar kare kansa. In ya ji zafi ya yi masa yawa, ko wutar da ke zuwa masa ba ta isa ba, sai ya rage gudu da kansa, kamar dai yadda san huɗa kan sassauta tafiya in rana ta take. Ke nan nawa ba lalle ne ta zama lalacewa ba. Ga gwaji uku da za ku yi kai da yaron a gida.

Na farko, batirin. Batiran nan na litiyam ne, kuma galibi in an cika su an sauke sau 300 zuwa 500 sai ƙarfinsu ya fara ja da baya. Kwamfutar gwanjo kuwa ta riga ta ci shekaru a wani ofis a Turai ko Amurka. A wurin bincike na Windows a rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. A rubuta powercfg /batteryreport a danna Enter. Za ta faɗi inda ta ajiye rahoto. A cikinsa a nemi lambobi biyu: Design Capacity, watau abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, watau abin da yake ɗauka yanzu. In ta biyun ba ta kai rabin ta farkon ba, to mai gyara ya yi gaskiya, batir ya tsufa. In kuwa suna kusa da juna, laifin ba nasa ba ne.

Amma fa a kula. In aka ga cikin kwamfutar ya kumbura, ko wurin da ake goga yatsa ya taso, a kashe ta a cire batirin nan take. Kada a huda shi, kada a jefa shi a juji inda ake cinna wuta, don yana iya fashewa.

Na biyu, caja, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa. Mai sayarwa kan haɗa ka da kowace caja da ta shiga ramin. A ƙarƙashin kwamfutar, ko a gurbin batir, akwai rubutun wutar da take bukata, misali 19.5V, sannan cajarta ta zama mai wat 65 ko 90. A gwama da abin da ke jikin cajar. Ban da haka, cajar kwamfutocin Dell da yawa tana da wata siririyar allura a tsakiyar bakinta, wadda ta nan ne kwamfutar ke gane ta. In allurar ta karye, ko cajar jabu ce, sai kwamfutar ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. Ka ga cuta biyu daga abu guda. A ari cajar asali a wurin mai irin taka a gwada. Araha dai ba ta ado.

Na uku, zafi. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga wurin da aka rubuta Performance, a duba gudun furosesa. In ana aiki amma ya maƙale a wajen 0.79 GHz, alhali an rubuta masa 2.5, to daure kansa ya yi. Furosesa kan yi haka in zafinsa ya doshi digiri 100. Mu kuwa a nan, ƙurar hunturu ta toshe fanka, bazara ta zo da zafin da ya haura digiri 40, sannan a ɗora kwamfuta a kan katifa ko darduma a rufe mata hanci. A sa hannu a gefenta: in fanka na kuka amma iska ba ta fita, a kai wa mai gyara ya share ƙurar, ya sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen da ke janye zafi. Wannan aikin bai kai kuɗin batir ba, kuma zafin nan shi ne babban mai tsufar da batir.

In duk ukun nan lafiya amma har yanzu tana jan ƙafa, to sai a duba ma'ajiyarta. Tsohon faifai mai juyawa shi ne kan riƙe ta. In aka musanya shi da irin wanda ake kira SSD, aka ƙara ram daga gig 4 zuwa 8, za ka ce wata ce aka sake.

Game da ko an cuce ka kuwa, sai gwajin ya nuna. Tsohon batir a kayan gwanjo ba abin mamaki ba ne, amma cajar jabu hakkinka ne ka mayar a canza maka. Sauran masu saurare da ke shirin zuwa Titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, ku yi gwajin nan uku a gaban mai kaya kafin ku ƙirga masa kuɗi. In kuma da janareta ake caji, a bari ya daidaita kafin a jona.

Da fatan malam ya gamsu, Allah kuma ya ba yaro sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.