Tsiron da Ke Kumbura In Yaro Ya Yi Kuka

A ce yaro ne ɗan shekara uku. Tun yana jariri hancinsa na dama a toshe yake, in yana shan nono sai ya riƙa saki yana neman numfashi. Uwa ta ce mura ce, kowa ya yarda. Sai dai murar nan ƙofar hanci ɗaya take bi, ruwanta garau, kuma ya fi zuba idan yaron ya sunkuya.

Ana nan sanƙarau ya kama shi. A ƙasarmu wannan ba baƙon abu ba ne da bazara. Ya warke. Bayan watanni ciwon ya dawo, tsakiyar damina, alhali babu wanda ya kamu a unguwar. Nan likita mai lura zai dakata: ta wace ƙofa cutar take shiga?

Ya haska hancin, ya ga tsiro mai laushi. Mai gaggawa zai ce a yanke, kuma wannan gaggawar ce ke ba ni tsoro, domin tsiron hanci na yau da kullum bai cika fito wa ƙananan yara ba. Likitan ya jira yaron ya yi kuka, tsiron ya kumbura. Ya danna jijiyoyin wuyan yaron, tsiron ya sake kumbura. Gwajin Furstenberg ke nan. Abin da ke amsa matsin cikin kai, to da cikin kai yake haɗe.

Aka gwada ruwan hancin, aka sami sinadarin beta-2 transferrin, wanda ke cikin ruwan ƙwaƙwalwa, babu shi a majina. Hoton CT ya nuna rami a siririn ƙashin da ya raba rufin hanci da ƙwaƙwalwa. MRI ya nuna mayafin ƙwaƙwalwa da ɗan namanta sun leƙo ta ramin. Ƙashin ne bai gama haɗewa ba tun yaron yana ciki. Likitoci na kiran wannan encephalocele, kuma irin na gindin ƙoƙon kai ana kiyasta shi ɗaya cikin haihuwa kusan 35,000. Ta ramin ruwan ke ɗiga, ta nan ƙwayoyin cutar hanci ke hawa.

A da sai an buɗe ƙoƙon kai. Yanzu sau da yawa ta hanci ake bi da siririn bututu mai kyamara, a cire naman da ya leƙo, wanda galibi ba ya aiki, a toshe ramin. Tun 2006, da likitocin Ajantina Hadad da Bassagasteguy suka bayyana dabararsu, ana juyo fatar bangon tsakiyar hanci tare da jijiyarta ta jini a rufe wurin. In hancin yaron ya yi ƙanƙanta, fatar ba ta kai ba, akan ɗebo kitse ko tantanin cinyarsa a cike.