Tiyatar Karayar Hannu: Yaushe Ake Yin Ta, Kuma Ta Wace Hanya?

Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, hannun ɗan Adam yana ɗauke da ƙasusuwa 27. Takwas suna a wuyan hannu, biyar a tafi, sa'an nan 14 a yatsu, wato uku-uku a kowane yatsa, in ban da babban yatsa mai biyu. A kan waɗannan ƙananan ƙasusuwa ne jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu da miƙe su suke zamewa, kamar igiya a bakin rijiya. Saboda haka idan ɗayansu ya karye, haɗuwar ƙashin kaɗai ba ta wadatar ba. Abin da likita ke nema shi ne hannun ya koma riƙe alƙalami ko fartanya kamar da.

Karayar da ke buƙatar tiyata

Mafi yawan karayar hannu tana warkewa ba tare da an sa wuƙa ba. Likita yakan ɗauki hoton ƙashi, ya ja ya daidaita shi, ya ɗaure da filasta na mako uku zuwa huɗu, ko ya haɗa yatsan da maƙwabcinsa. Ƙashin tafi na gindin ƙaramin yatsa, wanda yakan karye idan mutum ya naushi bango, yakan haɗe ko da ya ɗan lanƙwashe, hannun kuma ya yi aiki lafiya lau.

Amma akwai inda ɗauri ba ya isa. Na farko shi ne idan ƙashin ya murɗe. Ana gane wannan idan majinyaci ya dunƙule hannu, sai a ga yatsa ya hau kan ɗan'uwansa kamar almakashi. Na biyu, idan karayar ta shiga cikin gaɓa ta bar tudu, domin hakan yakan jawo ciwon gaɓa daga baya. Na uku, idan ƙashi ya huda fata, ko injin niƙa ko markaɗe ya murƙushe hannun. Na huɗu kuwa, idan gutsattsarin ƙashin sun ƙi zama inda aka mai da su.

Hanyoyin riƙe ƙashi

Hanya mafi sauƙi ita ce ta siririyar wayar ƙarfe mai tsini, wadda likitan Jamus Martin Kirschner ya ƙirƙiro a 1909. Akan soka ta ta cikin fata ana kallon hoton ƙashi, ba sai an tsaga ba, a zare ta bayan mako uku zuwa shida. Tana da araha, amma bakin wayar da ke waje yana iya kama ƙwayoyin cuta idan ba a tsabtace shi ba. Da ita aka fi gyara karayar gindin babban yatsa, wadda likitan birnin Dablin Edward Bennett ya bayyana a 1882. A wannan karaya, wata jijiya tana jan ƙashin tana gusar da shi daga gaɓarsa, shi ya sa filasta kaɗai ba ta cika riƙe shi ba.

Hanya ta biyu ita ce a tsaga fata a ɗaure ƙashin da ƙananan sukurori, ko da siririn fallen ƙarfe. Wata ƙungiyar likitoci mai suna AO, wadda aka kafa a Suwizalan a 1958, ita ta bunƙasa wannan fasaha. Riƙon yana da ƙarfi, har majinyaci na iya soma motsa yatsa cikin 'yan kwanaki. Illarsa ita ce jijiya na iya manne wa ƙarfen ko tabon aikin, wani lokaci sai an sake tiyata an cire.

Hanya ta uku ita ce sukuru marar kai, wanda ke nutsewa gaba ɗaya cikin ƙashi. Likita Timothy Herbert, wanda ya yi aiki a Ostareliya, ya yi suna da shi a shekarun 1980, musamman don wani ƙashin wuyan hannu mai siffar kwalekwale da ake kira sikafoid. Wannan ƙashi yakan karye idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafi. Jini yana shigarsa ta gefe guda, don haka ɓarin da ya yanke yana iya mutuwa. Sau da yawa akan ɗauki karayarsa a matsayin targaɗe, domin wani lokaci hoton farko ba ya nuna ta.

Idan kuwa ƙashin ya dagargaje kuma akwai buɗaɗɗen rauni, akan kafa ƙusoshi sama da ƙasa da karayar, a haɗa su da sandar ƙarfe daga waje. Inda ƙashi ya yi giɓi, akan yanko ɗan ƙashi daga ƙugu a cike.

Bayan tiyata

Babban maƙiyin hannun da ya karye shi ne sandarewa. Yatsan da ya wuce mako huɗu ba ya motsi yana iya ƙin lanƙwasuwa har abada. Shi ya sa ake ɗaga hannun sama don rage kumburi, a kuma fara motsa jiki da gashin ƙashi da wuri. Shan taba yana jinkirta haɗuwar ƙashi.

A ƙasar Hausa, wurin mai ɗori aka fi fara zuwa. Haɗarin da ke nan shi ne ɗauri mai tsanani, wanda ke tare jini har yatsu su ruɓe. Idan yatsa ya yi sanyi, ya yi baƙi, ko ya daina jin taɓi, lalle a sassauta ɗaurin a garzaya asibiti. Haka kuma duk karayar da ke da rauni, ko da na haƙorin wanda aka nausa ne, tana buƙatar wanki, da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar rigakafin tetanus a ranar. Asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna yin irin wannan aiki. Malami ko ɗalibin da ya ga abokinsa ya karye a filin wasa, ya fara cire masa zobe kafin kumburi, ya tallafe hannun, ya kai shi a ɗauki hoto. Ƙashin hannu yakan soma kamewa cikin mako biyu zuwa uku, gyara bayan nan kuwa ya fi wuya ƙwarai.